Wai yaren 'yan Jamaika Turanci ne da ya karye ko yare ne mai zaman kansa?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin harsuna ku zo ku raba mu gardama da maigida. Asibitin da nake aiki nan Birmingham tsofaffin ma'aikatan da yawa 'yan asalin Jamaika ne, in suna magana da mu Turanci ne ras irin na kowa, amma da sun haɗu a ɗakin shan shayi shikenan sun koma wani abu daban, da kyar nake tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Gaisuwarsu wah gwaan, wato me ke faruwa, a amsa da mi deh yah, ina nan. In za a rabu a ce likkle more, kamar mu ce sai an jima. Shi maigida ya kafe wai ba wani yare, Turanci ne aka karya irin Burokan 'yan kudu, ni kuma na ce abin da ba ka ji sai an fassara maka ai ya zama yare. Abin da ya fi ɗaure min kai ma wata dattijuwa a cikinsu tana faɗa da jikanta a waya take ce masa yana da hard ears, na tambaye ta ta ce ai yaron da ba ya jin magana kenan. Na ce ikon Allah, kunnen ƙashi fa kenan! Bature ai ba ya faɗin haka. To ina suka samo shi?

Baban Gida: Wa alaikumus salam. Hajiya ki bi maigidanki ku zauna lafiya, gaskiyarsa ce. Wah gwaan ɗin nan ba Turancin me ke tafiya ba ne aka tauna aka tofar? Mutum ya kasa koyon yaren ubangidansa da kyau sai kuma a ce wai ya ƙirƙiro yare. In haka ne Hausar da 'yan tireda ke yi a Sabon Gari ita ma a buga mata ƙamus.

Auta: Hhhh Baba ya fara 😂 ni dai wagwan a bakin 'yan ƙwallon Landan na fara ji, na ɗauka ma yaren gayun Ingila ne

Maman Walida: Auta, daga Jamaika yaren ya je musu. Tun zuwan jirgin Windrush a 1948 mutanen Karibiyan suka cika unguwanni irin su Brixton, yanzu ɗan Bature da ɗan Somaliya da ɗan Pakistan duk wagwan suke yi da mandem da ting, wasunsu ba su ma san asalinsa ba.

Malam Na-Zariya: Baban Gida ranka ya daɗe, misalin da ka kawo na Sabon Gari shi ne zai kayar da kai. Bari in ɗan ja zaren. Ingila ta ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniya a 1655, aka buɗe gonakin rake, aka riƙa jibgo bayi daga gaɓar Ghana ta yanzu da ƙasar Ibo da Kalaba da Kongo. A gona ɗaya za ka samu mai jin Twi da mai jin Ibo da mai jin Kikongo, ba mai jin na wani, abin da ya haɗa su kawai kalmomin da mai bulala ke daka musu tsawa da su. Waɗanda aka kawo da girmansu lallai kame-kame suka yi, irin Barikancin da sojojin mulkin mallaka suka riƙa yi da Hausa a bariki. Amma 'ya'yan da aka haifa a can fa? Da wannan maganar aka yi musu tawai, da ita aka yaye su, ba su da wata. Yaro kuma ba ya girma da rabin yare, sai ya cike shi. Wannan shi masana ke kira kiriyol. Barikanci bai samu 'ya'yan da suka tashi da shi kaɗai ba shi ya sa ya mutu a bariki, na Jamaika ya samu.

Kuma yana da doka. Mi a nyam ina ci, mi did nyam na ci, mi wi nyam zan ci. Aikatau ba ya canja kama, ɗan ƙaramin harafi ne a gabansa ke nuna lokaci, kamar dai ina, na, zan namu. In ka sa su a inda bai dace ba yaron Kingston zai yi maka dariya kamar yadda muke yi wa mai cewa mace ya zo. Abin da ake iya yin kuskure a cikinsa kuwa yana da ƙa'ida.

Bafillatana: Tsaya Malam tsaya. Nyam ka ce?? Ci? Wallahi namu ne, nyaamdu abinci, nyaama ci. Kai Fulani mun yi nisa 😅

Malam Na-Zariya: Yaya Bafillatana akwai ma wata, juk, wato soka ko tsira, ita ma masana da dama jukka na Fulfulde suke kai ta, ita ce chook ta Buroka. Sai dai nyam kar ki riƙe ta ke kaɗai, Wolof na Senegal ma suna da ita, da wasu harsuna birjik a yankin, wataƙila shi ya sa ma ta rayu, kowa ya ji ta ya gane.

Kwamared: Ni na daɗe ina faɗa ana min dariya. Mutanen nan Hausawa ne aka kwashe. Ku duba sunan ƙasar ma, Jamaika, jama'a ika, jama'ar da aka aika. Sannan in abu ya hargitse suna cewa chaka-chaka, wannan ba kaca-kaca ba ne? A bar ɓoye tarihi.

Ɗan Zongo: Kwamared don girman Allah 🤣🤣 jama'a ika kuma

Malam Na-Zariya: Kwamared sunan ya riga bayi zuwa tsibirin. Mutanen Taino da Columbus ya tarar a can a 1494 su ke kiran wurin Xaymaca, ana fassara shi da ƙasar itace da ruwa. Haiti ma sunan Taino ne, Ayiti, ƙasar tsaunuka. Chaka-chaka kuma kama da wane ba ta wane, maimaita kalma ɗabi'ar harsunan Afirka ta Yamma ce gaba ɗaya ba ta Hausa kaɗai ba, suna da fool-fool da likkle-likkle da labba-labba na mai surutu. Hausawa sun je, ba a musu, a takardun gonakin Faransawa na Haiti kafin juyin juya hali akwai bayin da aka rubuta su Aoussa, kuma Farfesa Maureen Warner-Lewis ta yi hira da jikokin Yarbawa da Hausawa da 'yan Kongo a Tirinidad. Amma ba su da yawa kuma a makare suka isa, lokacin yaren ya riga ya kafu. Inda Hausawa suka yi ƙaurin suna Bahia ne a Brazil, da boren 1807 da na 1814, can kuma ba Karibiyan ba ne.

Ɗan Zongo: To ku matsa masu gado sun iso. Mu nan Kumasi in ɗan Jamaika ya zo yawon neman asali har kuka wasu ke yi. Gizon tatsuniyarsu sunansa Anansi, da Twi ananse gizo-gizo ne, halinsa sak Gizon Ƙoƙi, ƙarami mai wayon tsiya da haɗama yana damfarar manya. Suna da dokunu, ƙullin masara da ake naɗewa a ganyen ayaba a dafa, mu nan dokono. Goro kuma bissy suke ce masa, Asante na cewa bese, suna gurza shi su dafa su sha in mutum ya ci wani abu da ya ɓata masa ciki. Sai sunayen rana. Cudjoe shi ne Kojo haihuwar Litinin, Cuffee Kofi na Juma'a, Quashie Kwasi na Lahadi, Quaco Kwaku na Laraba, kamar dai Ɗanjuma da Ɗanladi da Talatu. Cudjoe ɗin ma sunan shugaban bayin da suka gudu tsauni ne, Maroons, wanda Ingila ta gaji da yaƙi da shi ta yi sulhu a 1739. Abin takaicin shi ne Quashie daga baya ya zama zagi a Jamaika, in aka ce maka quashie ana nufin baƙauye wawa. Sunan da uwa ta raɗa wa ɗanta da alfahari.

Maman Walida: Allah sarki. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni.

Baban Gida: Kun kawo kalmomi goma sha wani abu. Sauran dubban fa? Na Bature ne. In na zuba barkono a shayi bai zama miya ba.

Malam Na-Zariya: Ba a kalmomin abin yake ba ranka ya daɗe, ai ni ma na yarda mafi yawansu na Ingilishi ne. Duba yadda ake haɗa su. Tambayar Maman Walida ta farko ke nan. Hard ears kunnen ƙashi. Door mouth bakin ƙofa, wane Bature ne ƙofarsa ke da baki? Sweet mouth daɗin baki. Big eye mai haɗama, Ibo na cewa anya ukwu, babban ido. Nose hole ƙofar hanci. Mutum ya karɓi kalmar ubangida amma da tunanin uwarsa ya jera ta. Sannan jam'i, di pickney dem yaran, kuma in suka ce John dem ana nufin John da mutanensa, daidai da su Audu namu. Ingilishi na yau ba shi da bambanci tsakanin kai da ku, su kuwa suna da shi, yu da unu, unu ɗin kuma na Ibo ne ɗungurungum ko harafi ba a canja ba.

Auta: Malam na ji suna cewa eye water, ruwan ido kenan? su ma suna da masu ruwan ido wajen zaɓen atamfa 😂

Malam Na-Zariya: A'a Auta nasu hawaye ne kawai. Namu ruwan idon ya tafi wata hanya daban.

Dokta T: Salam. Yanzu na fito daga aiki na tarar da wannan, ni ina Tirinidad, San Fernando. In ƙara wa Malam hujja daga ɗakin duba marasa lafiya. A nan mutum zai ce foot ɗinsa na ciwo ka duƙa kana duba tafin ƙafa ashe cinya yake nufi, don foot a wurinsu tun daga ƙugu ne har yatsa, hand kuma tun daga kafaɗa. Likitocin Indiya da suka zo aiki abin na rikita su, ni kuwa ko a jikina, ƙafa da hannu ai haka muke da su. Mace ta samu ciki a ce she have belly. In tsohuwa ta ce tana da bad feelings ba wai ranta ne ya ɓaci ba, tashin zuciya take ji ko jiri, wanda bai sani ba sai ya tura ta wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Sai tsaki. Jama'a ban taɓa ganin masu tsaki irin mutanen nan ba, har suna suka ba shi, steups, kuma suna rubuta shi a chat kamar yadda muke rubuta mtsww, gwargwadon haushi gwargwadon yawan harafin. Jamaika kiss teeth suke cewa. Harara kuma cut eye, a kalle ka sama da ƙasa a lumshe ido a kau da kai. Nas ɗin da nake aiki da ita in ta haɗa maka biyun nan sai ka tuna gida.

Malam Na-Zariya: Dokta an yi rubutun ilimi a kan wannan tun 1976, John Rickford ɗan Giyana da matarsa Angela, sun nuna baƙaƙen Amurka da na Karibiyan sun san tsaki da harara, fararen Amurka kuwa yawanci ba su ma gane me ake nufi.

Ɗan Maraɗi: A Faransa tchip ake ce mishi, har wasu lakkwal sun hana yara yin shi cikin aji. To ni bari in kawo na ɓangarenmu masu Faransanci tun da duk kun tsaya wajen Ingilishi. Ina Montreal, masu taksi da masu aikin gidajen tsofaffi a nan 'yan Haiti sun yi yawa. Ni da na yi karatuna duka da Faransanci tun daga firamare, ran da na zauna cikinsu suna hira ban kama komi ba, sai in ji kamar kalmar da na sani ta wuce da gudu. Gaisuwa sak pase, mi ya faru, amsa n ap boule, wai muna ƙonewa, ma'ana ana nan ana fama. Baban Gida in kana ganin na Jamaika Turanci ne da ya karye to ka kawo Bafaranshe daga Paris ka aje shi kasuwar Port-au-Prince mu ga ko zai sayo albasa.

Abin da ya ban dariya sun haɗiye harafin gaban kalma sun maida shi cikinta. Ruwa dlo, daga de l'eau. Shinkafa diri, daga du riz. Tsuntsu zwazo. Titi lari. Kamar yadda muka yi wa Larabci, alƙali da albasa da allura da lahira, al ɗin ta manne ta zama tamu. Sannan abin nuni a baya suke sa shi, kay la gidan, liv la littafin, kay yo gidajen, Faransanci kuwa a gaba yake sawa. Wasu masana na cewa tsarin Fon da Ewe ne na Benin da Togo, can aka kwaso da yawa daga cikin mutanensu.

Bafillatana: Wai da gaske ne in ka je can kana baƙi ƙirin sai su ce maka Bature?

Ɗan Maraɗi: Ƙwarai Anti. Blan duk baƙo ne ko da ya fi gawayi baƙi, ni nan blan ne a wurinsu. Nèg kuma mutum ne kawai, ba zagi ba ne ko kaɗan, gwo nèg babban mutum mai faɗa a ji ko da fari ne. Ƙasar da bayi suka kori sojan Napoleon suka kafa ta ran 1 ga Janairu 1804 ai dole kalmar ta canja nauyi. Wani abin kuma sai 'yan Nijar za su ji daɗinshi, kuɗinsu goud ne amma a kasuwa da dola ake ciniki, dolar Haiti, wadda babu ita a takarda ko ƙarfe, goud 5 ce kawai, saboda an daɗe ana canja goud 5 a dalar Amurka ɗaya. In mai tumatir ta ce dola 20 goud 100 za ka miƙa. Sak dala tamu ta sefa, dala ashirin ɗari ɗaya. Baƙo kan ruɗe a can kamar yadda 'yan Najeriya ke ruɗewa a kasuwar Maraɗi.

Gayya kuma konbit, a taru a nome gonar mutum ɗaya da waƙa da abinci gobe a koma ta wani. Adashi sòl. Tatsuniya mai bayarwa ya ce krik, yara su ce krak, in ba su amsa ba ba ya farawa, ga ta nan ga ta nanku kenan. Wawan tatsuniyar sunanshi Bouki, da Wolof bukki kura ce, mai wayon kuma Ti Malis. A Haiti babu kura ko ɗaya, sunan ne ya tsallaka teku dabbar ta tsaya.

Dokta T: Adashi nan sou-sou, daga esusu na Yarbawa. Jamaika pardna, Giyana box hand, Bahamas asue. Ma'aikatan asibitinmu duk wata sai an yi rigimar wa zai ɗauki hannun farko, kamar ina gida.

Amma kar a ɗauka komai Afirka ne fa. Tirinidad tukunyar dambu ce. Bayan an 'yanta bayi a 1838 Ingila ta koma ɗebo 'yan ƙwadago daga Indiya, jirgin farko Fatel Razack ya iso 30 ga Mayu 1845, aka yi ta kawowa har 1917, yanzu su da baƙaƙe kusan kankankan suke. Don haka masu kallon fim ɗin Indiya za ku ji ku a gida, dankali aloo, gauta baigan, channa, dhal, roti, kakar wajen uwa nani, ta wajen uba aji. Abincin safe na titi doubles ne, fanke biyu masu laushi da channa a tsakiya, mai sayarwa ya tambaye ka barkono slight ko heavy. Wanda aka haifa tsakanin Ba'indiye da baƙar fata dougla. Ga kuma ragowar Faransanci da Sifaniyanci, maco mai sa ido da gulma, mamaguy a yi maka daɗin baki a yaudare ka, bacchanal rigima da tonon silili. Wadda na fi so tabanca, ciwon da ke kama mutum in masoyi ya guje shi, ya daina cin abinci ya rame yana zaune yana kallon bango, har wanda jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe ana cewa tabanca ke damunsa. Lime kuma zaman majalisa ne, a zauna bakin titi ko bakin kogi ba aikin fari ba na baƙi sai hira da ci, kuma ba abin kunya ba ne, mutum zai gaya maka da bakinsa ran Juma'a liming zai je.

Kwamared: Tabanca ta ban ca... ta ba ni ciwo kenan. Ku dai ci gaba da musu.

Hajiya Admin: Kwamared ka sha ruwa 😂

Auta: To ni tambayata bomboclaat ɗin nan da ake rubutawa a Twitter a saman hoto fa me yake nufi, ni ma ina sawa

Maman Walida: Innalillahi Auta ki goge. Ashar ne, babba ma. Asalinsa tsumman da ake amfani da shi wajen tsaftar da ba a faɗa a bainar jama'a, iyakar abin da zan ce kenan. A Jamaika ɗan sanda na iya kama mutum a ci shi tara kan faɗinsa a titi. Matan da nake aiki da su 'yan coci ne sosai, wani yaro ɗan Najeriya ya taɓa faɗa a gabansu yana dariya ya ɗauka gayu ne, ranar ya ga cut eye ganin idonsa.

Auta: Wayyo 🙈 na shiga uku a status ɗina ma yana nan

Hajiya Admin: A bar wannan layin haka don Allah akwai iyaye a gidan nan. A kawo karin magana, su na zo ji.

Maman Walida: To Hajiya ga waɗanda nake ji kullum. One one coco full basket, ɗaya-ɗaya gwaza ke cika kwando, da yayyafi kogi kan cika. Cockroach nuh business inna fowl fight, ba ruwan kyankyaso da faɗan kaji, don ko wa ya yi nasara shi za a cinye. Chicken merry, hawk deh near, kaza na murna shaho na kusa, wannan uwa ke faɗa wa yara in wasa ya yi yawa. Duppy know who fi frighten, fatalwa ta san wanda take tsoratawa, wargi wuri yake samu. Sorry fi mawga dog, mawga dog tun roun bite yu, ka tausaya wa ramammen kare ya juyo ya cije ka. Sai wanda ke sa ni dariya, wanti wanti cyaan getti, getti getti nuh wanti, mai so bai samu ba mai samu ba ya so.

Dokta T: Na Tirinidad, goat doh make sheep, akuya ba ta haihuwar tunkiya, amma su yawanci wajen mugun hali suke faɗa ba kamar barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. In kuma kashinka ya bushe sai a ce crapaud smoke yuh pipe, kwaɗo ya sha lofenka. Na tambayi mutane da yawa me ya haɗa kwaɗo da lofe kowa dariya yake yi.

Ɗan Maraɗi: Na Haiti sun fi nauyi, ka ji mutanen da suka sha wuya. Dèyè mòn gen mòn, bayan tsauni akwai tsauni. Sak vid pa kanpe, buhun da ba komi ba ya tsayuwa, in za ka sa mutum aiki ka ba shi abinci. Men anpil chay pa lou, hannu da yawa kaya ba nauyi. Wòch nan dlo pa konnen doulè wòch nan solèy, dutsen da ke cikin ruwa bai san azabar wanda ke rana ba. Bay kou bliye, pote mak sonje, wanda ya yi duka ya manta mai tabo na tune. Akwai kuma kreyon Bondye pa gen gòm, fensirin Allah ba shi da abin gogewa, wani direba ya faɗa min shi ran da na yi mishi ta'aziyya na ce wannan ai alƙalami ya bushe ne.

Bafillatana: Na dutsen ruwa da na rana ɗin nan zan aika wa wasu 'yan uwa da ke Abuja

Baban Gida: Karin maganar sun yi daɗi ban musa ba. Amma ku amsa min wannan, in yare ne me ya sa gwamnatin Jamaika ba ta aiki da shi? Kotu Ingilishi, jarrabawa Ingilishi, takardar neman aiki Ingilishi. Su da kansu sun san matsayinsa. Uban da ke son ɗansa ya ci gaba ba zai so a koya masa wah gwaan a aji ba.

Malam Na-Zariya: Wannan maganar mulki ce ba ta harshe ba. Mu nan ba a yi mana bulala a firamare kan banakula ba? Har tara monita ke karɓa in ka yi Hausa a aji, shin Hausa ba yare ba ce a lokacin? Gaskiya ne har yau Ingilishi ne na hukuma a Jamaika kuma iyaye da yawa ra'ayinka gare su, ana ta muhawarar a jaridunsu. Amma tun 1967 Cassidy da Le Page suka fitar da ƙamusinsa, Louise Bennett da suke kira Miss Lou ta shafe rayuwarta tana waƙe da wasa da shi a rediyo da talabijin lokacin da ake ganin abin kunya ne, jami'ar West Indies ta buɗe sashe na musamman a kansa a Mona a 2002, an fassara Sabon Alkawari da shi a 2012. Haiti kuwa tsarin mulkin 1987 ya sa kiriyol ɗinsu, Kreyòl, harshen hukuma tare da Faransanci, suna da tsayayyen rubutu da hukumar kula da harshen tun 2014. Papiamentu, wani kiriyol ɗin, shi ma na hukuma ne a tsibiran Aruba da Kurasawo, da shi ake jarida da majalisa.

Ɗan Maraɗi: Kuma a Haiti illar a fili take. Kowa na jin Kreyòl, masu Faransanci sosai 'yan kaɗan ne, amma aka daɗe ana koya wa yaro karatu da lissafi da yaren da ko uwarshi ba ta ji, sai hadda ba fahimta. Michel DeGraff ɗan ƙasar da ke koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka a kan wannan yake ta faɗa. Mu 'yan Nijar ba sai an ba mu labari ba, mun zauna aji shekara guda muna maimaita abin da mushe ya ce ba mu san mi muke cewa ba.

Baban Gida: To ai ga shi da Faransancin kake cin abinci a Kanada ba da Hausa ba.

Ɗan Maraɗi: Ni ɗaya na kai Baba, ajinmu mun fi sittin, ka tambayi inda sauran suke.

Baban Gida: Wannan kuma talauci ne ba yare ba. Ni dai ban sauka ba.

Maman Walida: Kai Baba kai da maigida sai a haɗa ku lime ɗaya 😂 Dokta kafin ka kwanta, matan nan sun ce da Kirsimeti za su kawo min sorrel, da suka nuna min hoto na ga zoɓo ne sak. Iri ɗaya ne da namu?

Dokta T: Shi ne Hajiya, ganyen ɗaya ne, citta da kanumfari da kirfa suke sawa su bar shi ya kwana kafin a tace, ya fi namu kauri. Amma ki tambaya kafin ki sha, na Jamaika yawanci ana zuba masa giyar rake, ki ce a ware miki naki tun kafin a haɗa.